Arba'in da Shida a Kuncin Baba

Mijin Yaya mai fenti ne, kuma ba zan rage masa komai ba, idan burushi yana hannunsa ya san abin da yake yi. Fitinar tana farawa ne idan ya sauko daga tsani. Duk ma'aikatar da aka kira shi ya yi wa fenti, sai ya dawo gida da sana'ar mutanen wurin a bakinsa. Da ya yi wa kotu fenti, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai ya ce zai ɗaukaka ƙara. Da ya yi wa gidan rediyo, ya koma gaishe mu da wata murya mai kauri wadda ba tasa ba. Mun saba, mu yi dariya mu wuce. Amma ranar da aka ba shi aikin asibitin haƙori na bakin babban titi, gabana ya faɗi, domin a lokacin Baba yana fama da haƙori.

Gidanmu bene ne na haya. Ni da Baba muna ƙasa, ɗakinsa yana manne da ɗakin da nake ɗinki. Yaya da mijinta suna sama, sauran ɗakunan na maƙwabta ne. Baba ya tsufa, haƙoransa sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama a bakin nan kaf turame biyu ne kawai suke haɗuwa, na sama da na ƙasa, a gefen dama. Da su yake cin nama, da su yake fasa gyaɗa. Yayansa marigayi ya ƙare rayuwarsa yana tsoma burodi a shayi, kuma Baba ya sha faɗa mana cewa wannan jiƙaƙƙen burodi ya fi kwanciyar asibiti ba shi tsoro. A gefen hagu kuwa akwai wani turmi na ƙasa da ya yi rami, shi ne ya hana shi sukuni. Mun yi, mun yi ya je wurin likita, ya ƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana hawa turakun lantarki ko gezau ba ya yi, da ya tuna ƙarar injin haƙori sai ya ce ciwon ya lafa.

Ranar da mijin Yaya ya gama aikin, ya shigo tsakar gida da yamma cikin farar rigar fentinsa, ya ƙi cirewa. Ya tara duk wanda ya samu, ya zana babban gicciye a bango da alli, ya ce mu buɗe kunne, yau zai ba mu a kyauta abin da wasu suke shekara da shekaru a jami'a kafin su gane.

Ya ce baki gida ne mai ɗaki huɗu. Sama ta dama ɗaki na ɗaya, sama ta hagu na biyu, ƙasa ta hagu na uku, ƙasa ta dama na huɗu. A kowane ɗaki ana ƙirga haƙora daga tsakiyar baki zuwa ƙurya, ɗaya zuwa takwas. Sai a haɗa lambar ɗaki da lambar haƙori, shi ke nan, kowane haƙori ya samu sunansa. Daga baya na tambayi likitar asibitin da kanta, ta ce haka ne. Abin da ke ba ni haushi da mijin Yaya ke nan, rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa rabin da ya rage yake samun masu saye.

Ya nuna mana hoton zanen haƙoran asibitin a wayarsa, ya ɗauka ne lokacin da ya sauke shi daga bango zai yi fenti. Ya ce akwai ma wani tsohon zane da ya tsinta a bayan kabad, shi ma ya ɗauke shi, don ilimi ba a barinsa a bayan kabad. Sannan ya fito da babban shirin. Ya ce ya lura rabin lokacin likita yana ƙarewa a tambayar ina ke ciwo, shi ya sa layi yake kaiwa har titi. Shi zai duba duk masu ciwon haƙori na gidan nan, ya ba kowa lambarsa, ranar da za a sake buɗe asibitin ya kai su da kansa. Likita ta dubi lamba, ta yi aiki, ta sallama. In ta ga haka, da bakinta za ta roƙe shi ya ajiye burushi ya zauna mata a bakin ƙofa.

Na ce masa wanda ya yi wa filin jirgi fenti ba ya tuƙa jirgi. Ya ce ni dai in ji da keken ɗinkina.

Mai aski na ɗakin kusa da matakala shi ya fara zama. Dama shi duk abin da aka ce kyauta ne, ko allura ce zai miƙa hannu. Mijin Yaya ya zaunar da shi a kan bokitin fenti, ya haska tocila, ya leƙa, ya yi gyaran murya. Ya ce turmin can na ƙurya ne, ƙasa ta dama, saboda haka arba'in da takwas.

"Arba'in da takwas?" in ji mai aski. "Ni kada ne? Tun muna makaranta talatin da biyu aka ce mana."

"Wannan na 'yan firamare ne. A wurinmu likitoci, ƙananan yara ma suna da har tamanin da biyar."

Mai aski ya ce to Allah ya raba shi da cizon yaro. Ya tambaya yaya zai riƙe lambar har ranar, shi da ko lambar wayarsa sai ya duba. Mijin Yaya ya ce takarda tana ɓata, ƙwaƙwalwa tana mantuwa, amma kunci yana tare da mai shi. Ya ɗauko ƙaramin burushin da yake rubuta lambobin gidaje da shi, ya tsoma a baƙin fenti, ya rubuta 48 a kuncin mai aski na dama, rubutu mai kyau kamar na ƙofar ofis. Maganar gaskiya, hannunsa yana da kyau.

Washegari da safe direban bas na hawa na biyu ya sauko. Nasa turmi ne na sama ta hagu. Mijin Yaya ya buɗe waya, hoton da ya fara fitowa shi ne na bayan kabad, wanda aka jera haƙora a cikinsa daga ɗaya har talatin da biyu babu ruwansa da ɗakuna. Ya bi da yatsa, ya ce sha huɗu, ya rubuta a kuncin hagu. Da rana mai kanti ta zo, wata mata mai kaifin baki da ke sayar da kayan masarufi a ƙofar gida. Nata yana sama ta dama, bayan fiƙa. Wannan karon zanen ɗakuna huɗu ne ya fito. Ɗaki na ɗaya, haƙori na huɗu. Ya rubuta mata 14 a kuncin dama.

Da yamma suka yi karo a matakala. Mai kanti ta dubi kuncinsa, direba ya dubi nata. Ta ce ya saci lambarta. Ya ce shi aka fara ba, tun tana barci. Ta ce nata na dama ne, nasa na hagu, ƙarya ne su zama abu ɗaya. Suka ɗunguma har ƙofar Yaya, rabin gidan yana biye da su. Mijin Yaya ya fito yana tsane hannu, ya dube su, na ga idonsa ya yi wani ƙif-ƙif. Na ce yau ƙarya ta ƙare. Ashe ban san shi ba.

"Ai dama na maza daban, na mata daban," ya ce. "Kin taɓa ganin maɓallin rigar namiji a gefe ɗaya da na mace? Ga tela nan, ku tambaye ta."

Duk suka juyo gare ni. Maɓalli kam haka yake, kuma kafin in ce amma, har an yi ta gyaɗa kai ana cewa lallai mutumin nan ya karantu. Da sana'ata ya rufe mini baki, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Sai kuma maganar wanki ta taso. Mai kanti za ta je sunan jikar ƙawarta, ta sa sabulu, lamba tana nan. Ta sa soso, kunci ya yi ja, lamba tana nan daram. Ashe fentin mai ne, na ƙofar ƙarfe. Mijin Yaya ya ce da gangan ya zaɓe shi, na ruwa gumi zai wanke, kuma shi aikinsa ba ya tashi. Ya ce kananzir zai cire, amma kada wanda ya kuskura kafin ranar asibiti. Ta fasa zuwa suna, ta zauna a kanti da gyale a rabin fuska, duk wanda ya zo sayen sukari sai ya tambaye ta ko ciwon ido take yi. Direba kuwa bas mai lamba tara yake ja. Fasinjoji suna ganin 14 a kuncinsa ta taga suka riƙa shiga suna cewa a sauke su a asibitin ƙashi, hanyar da ko kusa ba tasa ba. Wata tsohuwa ta ƙi sauka, ta ce ita ba ta iya karatu sosai ba amma lamba ba a cuce ta a kanta. Mai aski ne kaɗai ya ji daɗi, don mutane sun riƙa zuwa kallo, in sun zo kuma kunya ta sa su zauna a yi musu aski.

Duk wannan Baba yana ji daga ɗakinsa. Abin da ya shiga kunnensa ɗaya ne: likita ta dubi lamba, ta yi aiki, ta sallama. Babu ƙwanƙwasa, babu tone-tone, babu dogon zama a kujerar nan mai kwanciya. Sai ya aika Yaya ta kira masa mijinta.

Nan fa aka samu matsala. Mijin Yaya duk surutunsa, a gaban Baba ruwa ne. Tun da ya auri Yaya bai taɓa haɗa ido da shi ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi. Yanzu a ce ya tsaya gaba da gaba ya leƙa cikin bakin surukinsa da tocila? Ya ce har abada. Ya yi ta zagaye a tsakar gida yana tunani, can sai ya shigo ɗakina ya ciro madubin da masu gwajin kaya suke dubawa. Ya sa Yaya ta riƙe shi a gaban Baba, shi kuma ya tsaya a bayan kujera, kansa a sunkuye, yana satar kallon madubin. Ya ce ta haka ya duba baki ba tare da ya dubi Baba ba.

Baba ya buɗe baki, ya nuna mai ramin da yatsa. A cikin madubi ya fito a ƙasa, ta hannun hagun mai kallo. Mijin Yaya ya dubi zanen wayarsa, ya nemi ƙasa ta hagun hoton, ya ƙirga. Zanen likitoci kuwa an yi shi ne kamar kana fuskantar mutum, hagun hoto shi ne daman mai baki. Wanda ya tsaya a bayan mutum yana kallon madubi ba fuskantarsa yake yi ba. Wannan ban san shi ba a lokacin, shi ma bai sani ba, bambancinmu ni ban ce na sani ba.

"Arba'in da shida, Baba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya je ya ɗaure burushi a jikin doguwar sanda don kada ya matsa kusa. Da ya dawo, ya tsaya ya yi lissafi da baki: ɗaki na huɗu, ƙasa ta dama. Ya miƙa sandar zuwa kuncin Baba na dama. Baba ya ce a hankali, ai hagu ne ke masa ciwo. Mijin Yaya ya durƙusa, ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ciwon haƙori baƙo ne, inda ake jin sa daban, inda yake kwana daban. Ya ce Baba da kansa ya yi aikin lantarki, ya san ƙwan fitila yakan mutu a falo alhali waya a kicin ta tsinke. Baba ya ce wannan kam haka ne.

Na ce, "Baba, wannan fa turminka ne na cin nama."

Mijin Yaya ya ce shi ya sa ma, wanda ya fi aiki shi yake fara gajiya. Na ce ramin yana hagu, da idona na gani. Ya ce ido yana ruɗi, lamba ba ta ruɗi. Na juya wurin Yaya, ta ce ita madubi kawai aka ce ta riƙe. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya isa, kada in kunyata mijin yayata a gabansa. Aka rubuta masa 46 daga nesa, lambar ta karkace kamar za ta zame ta faɗi.

Dariyar da nake yi tun farkon abin nan a ranar ta ɗauke. Na ga Baba ya zauna a bakin gado yana shafa kuncin dama da bayan hannu. Tausayinsa ya kama ni, haushin mijin Yaya ya cika ni, har na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai.

Ana gobe za a buɗe asibitin, Baba ya kira ni da la'asar ya ce in je in sayo masa gasasshen nama, mai jijiya, kada in karɓi mai laushi. Ya ce in haɗo da gyaɗa, da karas, da busasshen dabino. Na kawo, ya baje a faranti, ya zauna a ƙofar ɗaki yana ci a hankali, duk a gefen dama. Maƙwabta suna wucewa suna yi masa sannu, ya ce ba sannu ba ce, sallama ce yake yi da tsohon abokin aiki. Ya ce turmin nan bai taɓa ba shi kunya a gidan biki ba. Da ya ƙoshi, ya ce in ajiye masa burodi na gobe, mai taushi. Na shiga ɗaki don kada ya ga idona.

Da safe mijin Yaya ya fito cikin farar riga, an wanke an goge, har da biro biyu a aljihu. Ya jera su a ƙofar gida bisa lamba. Mai kanti da direba suka sake rigima a kan wanda zai shiga gaba, tunda duk sha huɗu ne, ya raba su da cewa mata ne farko. Baba yana biye, mai aski a ƙarshe, ni da Yaya muna gefe kamar ba tare muke ba. Shi yana gaba yana ɗaga wa motoci hannu su tsaya marasa lafiya su wuce. Kafin mu kai bakin titi, masu shaguna sun fito, wani yana tambaya ko gasar gudu ce ta tsofaffi.

Ɗakin jira cike yake, yana ta ƙamshin sabon fenti. Mijin Yaya ya wuce kai tsaye wurin nas, ya ce a faɗa wa likita abokin aikinta ya iso da mutum huɗu, duk an tantance. Nas ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba shi ne ya bar tsani a bayan gida ba? Ya ce wannan wata magana ce daban. Hayaniya ta sa likitar ta leƙo, wata mata mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta bi kumatun nan huɗu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta cire gilashin, ta goge, ta mayar.

Mijin Yaya ya yi mata jawabi a gaban kowa, tun daga ɗakuna huɗu har zuwa layin da ke kaiwa titi. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce mai aski ya buɗe baki a nan inda yake tsaye, ta haska da ƙaramar fitila.

"Arba'in da takwas ɗinka ni na cire shi da hannuna bara waccan. Ba ka tuna ba?"

Mai aski ya ce ya tuna an cire wani abu, amma ba a gabatar masa da shi da lamba ba. Ta ce wanda ke masa ciwo arba'in da bakwai ne, gurbi ake ƙirgawa, ko haƙori ya fita lambarsa ba ta komawa kan maƙwabcinsa. Mijin Yaya ya ce tazarar ɗaya ce kacal, ko a jarrabawa wannan ci ne. Ta dubi direba, ta ce nasa ashirin da shida ne. Sha huɗun nan daga tsohon zanen likitan da ya riga ta aka kwaso, shi a wata ƙasa ya yi karatu inda suke jera lamba daga ɗaya zuwa talatin da biyu, shi ya sa ta jefa zanen bayan kabad don kada a haɗa biyun. Direba ya ce ke nan duk zagin da ya sha a hanya na lambar wata ƙasa ne. Mai kanti ta tambaya ina maganar na maza da na mata. Likita ta ce wace magana? Ɗakin jira ya kwashe da dariya, har da wani mai kumburarren muƙamuƙi da yake dariyar yana riƙe da fuska. Na mai kanti ne kaɗai ya faɗa daidai, kuma mijin Yaya ya riƙe wannan gam, yana nuna ta yana cewa a dai duba, a dai duba.

Aka kira Baba ciki. Ni da Yaya muka shiga da shi, mijin Yaya ya kutso ta bayanmu, ya bar ƙofa a buɗe, maƙwabta suka cika ta da kawuna. Baba ya hau kujerar, ya runtse ido. Tun kafin a tambaye shi ya ce, 'yata, arba'in da shida ne, ki cire kawai, kada ki ƙwanƙwasa, na riga na yi sallama da shi. Na buɗe baki zan yi magana, likita ta ɗaga mini yatsa. Ta ce ita ba ta cire haƙori da jin labari, ko da kuwa a goshi aka rubuta. Ta tambaye shi ina yake jin ciwon. Ya nuna hagu, ya ce amma an ce baƙo ne.

Ta ɗauki wani ɗan ƙarfe, ta taɓa turmin dama, tas-tas. Baba bai motsa ba. Ta sake, ya buɗe ido ɗaya ya ce an fara ne? Ta koma hagu ta taɓa sau ɗaya. Ƙafar Baba ta tashi sama, takalminsa ya fice ya daki sabon bango ya bar shaida. Ta ce talatin da shida ne, kuma da ciko zai tashi, ba sai an cire ba. Ta tambayi mijin Yaya a ina ya tsaya lokacin da ya duba. Yaya ce ta amsa, ta ce a baya, ita ta riƙe madubi. Likita ta ce to shi ke nan, madubi ya juya masa gidan.

Mutum mai hankali a nan zai nemi ƙofa. Mijin Yaya ya dubi kawunan da ke bakin ƙofa, ya dubi biro biyun da ke aljihunsa, ya ga kujerar bakin ƙofar likita da yake buri tana sulalewa. Ya ce da girmamawa, likita ta sake dubawa, arba'in da shida yana girgiɗi, shi ya gani da idonsa. Ta ce ba ya girgiɗi. Ya ce yana yi. Kunyar shekara da shekaru ta tashi a lokaci ɗaya, ya tsallake wayar fitila, ya zo gaba da gaba da Baba, ya zura yatsa cikin bakin surukinsa har ƙurya yana cewa ga shi nan, bari ki ga.

Baba ya rufe baki.

Ban taɓa jin mijin Yaya ya yi irin wannan ƙara ba, ko ranar da ya faɗo daga tsani. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, yana Baba tuba nake, Baba don Allah. Baba kuwa idonsa a rufe, bai yi gaggawar komai ba. Likita ta bari aka ɗan jima kafin ta ce Baba ya saki haka nan. Ta kama yatsan ta duba a ƙarƙashin fitila, ga sawun turmi sama da ƙasa, zurfi ɗaya, kamar an buga hatimi. Ta ce haƙorin da ya yi wannan aikin ita ba za ta taɓa shi ba, kuma kada wani ya sake taɓa shi. Ta ce nas ta wanke masa yatsa ta ɗaure, in an gama ya ɗauki tsaninsa, ya kuma shafe sawun takalmin da ke bango kafin ya tafi.

A gida aka yi layin kananzir a tsakar gida. Mai kanti ta ce mijin Yaya ne zai goge musu da hannunsa, da hannun hagu ma tunda na dama yana naɗe, tana zaune tana faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Na Baba ni na goge masa da man shafawa a hankali, yana ta taɓa kuncin yana murmushi shi kaɗai.

Da allurar da aka yi masa wajen ciko ta sake shi wajen yamma, ya ce in miƙo masa sauran gyaɗar jiya. Na ce likita ta ce ya bi a hankali. Ya ce hagu ta ce, bai ji ta ambaci dama ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya jefa ƙwaya ɗaya, ƙas, ya lumshe ido. Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Burodin da na ajiye masa na ba kajin maƙwabta.

Can sai ga mijin Yaya yana saɗaɗawa ta jikin bango zai hau bene, babu farar riga, yatsa a naɗe kamar kan tsintsiya. Babu hanyar wucewa sai ta gaban Baba. Ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, ya gaishe shi.

"Yaya yatsan?" in ji Baba.

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Shi ma turmin bai ji komai ba."

Ya sake jefa wata gyaɗar a gefen dama.